Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Darasin Tsohuwar Taraktarmu

'Yan uwa ɗalibai, da yawanmu mun taɓa tambayar kanmu a aji: wai ina za mu kai wannan lissafi na ɗigo da sifiri? Mu dai a gidanmu wata tsohuwar tarakta ce ta ba mu amsa.

Massey Ferguson 135 ce, ja, gadon kakanmu. An ƙera irinta ne tsakanin 1964 da 1975, ke nan ta girme mu nesa ba kusa ba. Ita ke huɗar gonarmu, ita ke yi wa maƙwabta aikin haya, kuma daga kuɗin hayar ake biya mana kuɗin makaranta. Bara, ana saura 'yan makonni damina ta faɗi, sai ta fara shan baƙin mai tana fitar da shuɗin hayaƙi. Bakanike ya ce sai an sauke injin an sabunta cikinsa. Baba ya ɗora wa mu 'yan boko aikin nemo kayan, ya ce ai ranar karatunmu ke nan.

Abu na farko da muka koya shi ne, sunan tarakta bai isa a saya mata kaya ba, injin ake tambaya. Namu na kamfanin Perkins ne da ke Ingila, ana kiransa AD3.152. Lambar nan magana take yi: 3 na nufin silinda uku, 152 kuma girman cikin injin ne a ma'aunin inci, wato kimanin lita biyu da rabi. Yana da wa mai suna A3.152, wanda ke cikin wasu taraktocin 35. Faɗin silindarsu ɗaya ne, milimita 91.44, don haka fistin ɗin wannan zai shige cikin wancan lafiya lau. Amma a namu, gas na feshuwa ne kai tsaye a kan fistin, shi ya sa aka yi wa kansa rami kamar ɗan ƙoƙo. Na wan kuwa kansa shafe yake. Wani mai shago a Kano ya miƙo mana mai shafaffen kan, yana rantsuwa duk ɗaya ne. Muka fito da tsohon fistin daga buhu muka jera su. Bai ƙara cewa uffan ba.

Sai maganar karanshaf, ƙarfen da ke mayar da kai-komon fistin ya zama juyi. Idan ya ci, akan kai shi injin gugar ƙarfe a rage masa kauri, sannan a sa masa metal masu kauri daidai da abin da aka rage. Makanikai na cewa "goma" ko "ashirin", wato 0.010 ko 0.020 na inci. Goman nan kusan kwatan milimita ce kacal, ido ba ya rabe ta. Amma sa metal na asali a karanshaf ɗin da aka goga, mai ba zai riƙe ba, injin ya soma ƙwanƙwasa, kuɗi su bi ruwa. Da aka auna namu, ashe an taɓa goge shi tun zamanin Kaka. Muka rubuta adadin a takarda kafin mu koma kasuwa.

Abin da ya sanyaya mana rai shi ne, zuriyar injin ba ta ƙare ba. Shi ne a cikin Massey Ferguson 240, wadda kamfanin Millat ke harhaɗawa a Pakistan. Saboda haka ana samun sababbin fistin da zobba da gasket, ba dole sai na hannu ba. Ranar da aka tayar da ita, an riga an yi ruwan shuka sau biyu, amma mun cim ma huɗa.

Don haka, idan an aike ku sayen kayan inji, ku kwafi lambar da aka buga a jikinsa, ku tafi da tsohon ƙarfen, ku sa a auna a gabanku. Ku kuma riƙe darasin ɗigon nan da kyau. A garuruwanmu akwai taraktoci da dama da ke kwance a gindin bishiya, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu, wasunsu ba abin da suke jira sai yaro ko yarinyar da ta iya karanta ma'auni.