Me ya sa nake tsaya wa wanda ake tuhuma

Tun da na fara aikin lauya a kotunan Sakkwato, tambayar da 'yan'uwa suka fi yi mini ita ce: yaya zuciyarka take yarda ka kare ɓarawo ko mai kisa? Nakan ce musu ranar da aka gurfanar da mutum gaban alƙali, zargi kawai ke kansa. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar da laifin, ya kuma ba shi damar ɗaukar lauya. Aikina shi ne in sa mai gabatar da ƙara ya kawo hujjar da doka ta nema.

Shari'ar Safiya Hussaini ta Tungar Tudu ce ta fi bayyana mini nauyin wannan aiki. A watan Oktoba na 2001, Babbar Kotun Shari'a ta Gwadabawa ta yanke mata hukuncin jefewa bisa tuhumar zina, ba tare da lauya a gefenta ba. Da aka ɗaukaka ƙara, lauyanta Abdulƙadir Imam Ibrahim bai soki Shari'a ba. Daga cikinta ya ciro hujjojinsa. Ya kawo mas'alar kwantacce ta mazhabar Malikiyya, wadda ta yarda ciki na iya daɗewa shekaru, don haka ana iya danganta shi ga tsohon miji. Aka kuma nuna cewa an ɗauki cikin kafin dokar ta fara aiki a jihar a Janairun 2001, alhali doka ba ta hukunta abin da ya riga ta zuwa. Ranar 25 ga Maris, 2002, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Sakkwato ta soke hukuncin. Malaman fiƙihu sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa shubuha tana kawar da haddi, amma sai da aka sami mai nuna wa kotu inda shubuhar take.

Yawancin waɗanda nake karewa duniya ba za ta taɓa jin sunansu ba. Aikin ba shi da armashi: zuwa gidan yari, karanta takardar tuhuma layi bayan layi, neman beli, tambayar ɗan sanda yadda aka ɗauki jawabin amsa laifi. Wanda ba shi da hali sai ya dogara ga hukumar ba da agajin lauya kyauta, wadda aka kafa a 1976.

Wani lokaci hujja takan tabbata a kan wanda nake karewa, a hukunta shi, kuma ba na jin an zalunce shi. Abin da ke hana ni barci shi ne talakan da aka ɗaure don kawai babu wanda ya karanta fayil ɗinsa.