Gasannin da Talabijin ta Cinye

A 1949 Amurka tana da ƙananan gasannin besbol har 59, kowace da garuruwanta da 'yan kallonta. Bayan shekara 10 saura 21. Ba 'yan wasan ne suka lalace ba. Talabijin ce ta shiga gidaje, mutumin ƙaramin gari ya riƙa ganin manyan ƙungiyoyi yana kishingiɗe, sai ya daina biyan kuɗin ƙofa a filin garinsu. A ganina ciwon da ya kama ƙwallon ƙafar Arewa ke nan. Raccah Rovers ta Kano ta lashe gasar ƙasa a 1978, yau sai dattawa ke ambatonta. A garuruwa irin su Wara ko Yelwa kuwa, ran Asabar da la'asar, janareta na ruri bayan gidan kallo, matasa sun cika benci suna musu kan Arsenal da Chelsea, filin firamare an bar wa awaki.

Za a ce ai rashin tallafin gwamnati ne. Da gaskiya a ciki, amma ba ta kai ƙarshe ba, domin kuɗin gwamnati yana sayen riga da mota, ba ya tara jama'a bakin fili. Dubi Rigatar Yawuri: mutane na yin dafifi a gaɓar Neja don tseren kwale-kwalen Gungawa, saboda babu tashar Ingila da ke nuna wanda ya fi shi. Ƙwallo ce kaɗai aka ajiye wa kishiya a kowace unguwa, kuma kuɗin shiga wurinta bai taka kara ya karya ba.