Ranar da mota ko ɗaya ba ta ƙetara ba

A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu, har da ta Illela da ke fuskantar Birnin Ƙonni, kuma sai a Disambar 2020 aka buɗe ta. An sake garƙame ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Ga mai lissafin motocin kaya, adadin irin waɗannan ranaku sifili ne, kuma sifilin gaskiya ne.

Wani dillalin albasa ya taɓa kawo mini manhajar da aka rubuta masa da JavaScript, yana ƙorafin cewa tana nuna masa lodin da ba a yi ba. A ciki na tarar da `motoci || 5`. Nufin marubucin mai kyau ne: in yaron shago ya manta bai shigar da adadi ba, a ɗauka biyar ne, kamar yadda aka saba. Sai dai alamar `||` ba ta bambance rashi da sifili. A wurinta 0, da rubutu wayam, da `false`, duk ɗaya suke da `null`. Ranar da ba a yi lodi ba, sai ta ƙirƙiro motoci biyar, dillali ya ware musu kuɗin lebura.

Alamar `??`, wadda ta shigo harshen a 2020, ba ta sa baki sai ta ga `null` ko `undefined`. Ita ce daidai a nan. Masu Python su lura cewa `or` ɗinsu halin `||` gare ta, gara a tambaya da `is None`. Ban ce a yar da `||` ba. In sunan direba ya zo wayam, ita nake so ta cike gurbin.

Akwai kuma tarko ta ɗaya ɓangaren, wanda ya fi ba ni tsoro. Gurbin fom da aka bari fanko yakan iso a matsayin rubutu wayam, kuma `Number("")` sifili take bayarwa. Mantuwar yaro ta koma rufe iyaka ke nan, `??` kuwa ba za ta ce uffan ba.

A manhajar dillalin na cire biyar ɗin gaba ɗaya. Ranar da ba a shigar da komai ba, rahoto yana cewa "ba a rubuta ba", shi kuma ya ɗaga waya ya tambayi yaronsa.