Riƙon Kyamarar da Aka Daina Ƙerawa

Ƙaramar kyamarar fim ta aljihu, irin wadda mutum zai ɗaga ya danna kawai ba tare da ya saita komai ba, tana cikin kayan da idan suka mutu ba a samun madadinsu sabo a kanti. Tawa ƙirar Olympus ce, samfurin mju-II da ya fito a 1997, na kuma saye ta ne a hannu na biyu. Kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da barin harkar fim, har ma ya sayar da sashensa na kyamara gaba ɗaya a farkon 2021. Kyocera, mai ƙera Contax T2 da Yashica T4 waɗanda matasa ke rububinsu a yau, ya bar sana'ar tun 2005. Ma'anar wannan ita ce babu masana'antar da ke buga kayan gyaransu. Duk wadda ta lalace, sai dai a cire wani sashe daga jikin 'yar'uwarta da ta riga ta mutuwa. Adadinsu a duniya raguwa yake yi kowace rana, kuma wanda ya riƙe ɗaya a hannunsa amana ya riƙe, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin mamaki shi ne waɗannan kyamarori an yi su ne don wanda ba ya son sanin komai game da hoto. A 1977 kamfanin Konica na Japan ya fitar da C35 AF, kyamara ta farko a kasuwa mai auna nisan abu da kanta. A 1979 Canon ya biyo baya da AF35M, wadda ke harba wani haske da idon mutum ba ya gani, ta lissafa nisa daga yadda hasken ya dawo mata, ta kuma ja fim da ƙaramin injinta. Sai a 1983 Kodak ya ɓullo da tsarin DX: waɗansu murabba'ai baƙaƙe da masu ruwan azurfa a jikin gwangwanin fim, waɗanda kyamara ke taɓawa da 'yan filoginta ta gane irin fim ɗin da aka ɗura mata. Daga nan aikin mai hoto ya koma ɗagawa da dannawa. Da irinsu aka ɗauki ɗimbin hotunan suna da biki da Sallah na shekarun 1990 da ke jibge a akwatunan iyayenmu, waɗansu da kwanan wata mai ruwan lemo a kusurwar ƙasa.

Sai dai shekarun da na yi da tawa sun nuna mini cewa na'urar da ke yanke hukunci a madadinka tana buƙatar ka san yadda take tunani, in ba haka ba za ta yanke maka abin da ba ka so. Tunaninta kuwa gajere ne. Tana ɗauka cewa abin da ke tsakiyar tagar leƙe shi ne abin da kake nufi. Idan mutum biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, tsakiyar tagar ta faɗa a ratar da ke tsakaninsu, to bangon da ke bayansu ne zai fito tar, fuskokinsu kuma su dushe. Maganin wannan yana cikin maɓallin ɗauka, domin hawa biyu gare shi. Ka ɗora tsakiyar tagar a kan fuskar ɗayansu, ka danna rabi har koriyar fitila ta kama, ka riƙe yatsanka a haka, ka gyara tsayuwar hoton yadda kake so, sannan ka ƙarasa dannawa. Haka kuma gilashin taga ko na mota yana ruɗa ta, ta ɗauka shi ne abin ɗauka. Sannan tagar leƙe dabam take da idon da ke ɗaukar hoton, don haka idan ka matso kusa ƙwarai abin da kake gani zai ɗan goce daga abin da fim zai samu. Tawa ba ta iya saitawa a kan abin da bai kai nisan santimita 35 ba.

Fitilar walƙiya ita ma tana da nata hali. A yawancin waɗannan kyamarori, har da tawa, duk lokacin da aka kashe aka kunna sai ta koma kan ra'ayin kanta, ta haska duk inda ta ga duhu. Wanda ke son ɗaukar hoto a masallaci, ko a gidan tarihi, ko a gaban dattijon da ba ya son a kashe masa ido, wajibi ne ya tuna ya kashe ta kowane karo. Ƙarfinta kuma bai wuce 'yan mitoci ba, domin haske idan nisa ya ninka biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke isa. Wanda ya haska ta daga bayan taro yana fatan kamo mai jawabi a kan dandamali, ƙeyar na gabansa zai samu.

Inda na fi cin moriyar fitilar shi ne da rana tsaka, kuma a nan ne batun ya shafe mu kai tsaye. Ma'aunin hasken kyamara yana tattara hasken wuri ne ya ɗauki tsaka-tsaki. Ka tsayar da baƙin mutum sanye da farar babbar riga a ranar Sallah, ga rana a bayansa, ga farin bango: ma'aunin zai ga haske ya yi yawa, ya rage abin da ke shiga, rigar ta fito da kyau, fuskar kuma ta nutse. Matsalar tana da tarihi. Tun daga shekarun 1950 wuraren wankin hoto a Amurka suna daidaita launin injinansu da wani kati na Kodak mai hoton farar mace, wanda aka sani da katin Shirley, kuma an daɗe kafin a shigar da baƙar fata cikin lissafi. Fim na yanzu ya fi na wancan zamani, amma ma'aunin kyamarar aljihu yana nan da gajeren tunaninsa. Don haka nakan tilasta wa fitilar ta haska ko da rana ce, ta cike inuwar fuska, ko in kai mutum ƙarƙashin inuwar bishiya ko bakin zaure inda haske ke da taushi. Ya kamata a san cewa fim mai launi yana jure wa yawan haske fiye da ƙarancinsa. Hoton da haske ya ɗan yi wa yawa ana iya ceto shi a wurin wanki, amma inuwar da fim bai gani ba babu mai dawo da ita.

Zaɓin fim bai da wuya. Lambar ISO tana nuna saurin kama haske: 200, kamar Kodak Gold, ta wadatar a ranarmu mai ƙarfi, 400, kamar Kodak Ultramax ko Ilford HP5 Plus na baƙi da fari, ta fi dacewa da cikin ɗaki da yamma. Idan gwangwanin ba shi da alamar DX, kyamarori da yawa sukan ɗauka 100 ne, ko da ba haka ba ne. Wajen ɗurawa, a ja harshen fim zuwa alamar da ke ciki, a kwantar da shi sosai, a rufe, a jira lamba 1 ta bayyana. Daga nan ba a sake buɗe bayan kyamara sai injin ya gama naɗe fim ya koma gwangwaninsa. Buɗewa na daƙiƙa ɗaya ya isa ya ƙone hotuna da dama.

Batun kulawa kuwa, yanayinmu ya haɗa duk maƙiyan kyamara a shekara guda. Hunturu yana zuwa da ƙura mai laushi kamar gari, wadda ke shiga duk wata kafa. Haƙoran da ke tura idon kyamara waje na roba ne ƙanana, tsakuwa ɗaya tak tana iya cije su. Shi ya sa tawa ba ta kwana a fili, ba ta kuma shiga aljihun da ke da yashi; 'yar jaka mai zif gare ta. Idan ƙura ta hau gilashin idon, ana fara hure ta ne da 'yar robar busa iska, sannan a shafa da ƙyalle mai laushi na tabarau. Goge gilashi mai ƙura da bakin riga daidai yake da cuɗa shi da yashi, kuma rufin da ke kan gilashin idan ya karce ba ya warkewa.

Bazara tana zuwa da zafi. A watan Afrilu ma'auni yakan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato, cikin rufaffiyar mota kuma ya zarce haka nesa. Zafi yana gurɓata launin fim, yana narkar da man da ke cikin inji, yana kuma hanzarta ruɓewar sosan da ke toshe haske a bakin murfin baya. Wanda ya fara ganin jan zane ko mai ruwan lemo a gefen hotunansa, ya duba wannan toshiya, domin haske ne ke satar shiga. Fim da ba a ɗura ba firji ne mazauninsa, cikin robarsa a rufe. Idan an fito da shi a bar shi ya huce na awa ɗaya ko biyu kafin a buɗe, don kada raɓa ta kwanta masa. Damina kuma tana kawo laima, laima tana haifar da funfuna, wadda ke yaɗuwa a cikin gilashi kamar saƙar gizo har ta ci rufinsa. Duhu da danshi da rashin iska take so, wato dai ƙasan akwatin tufafi inda mutane suka fi ajiye abin da suke ji da shi. Mazubi mai murfi da 'yan ƙunshin silika masu shan danshi ya fi, a kuma riƙa fito da kyamarar ana danna ta lokaci zuwa lokaci, domin zama yana kashe inji kamar yadda yake kashe gwiwa.

Batir ma abin lura ne. Tawa tana cin CR123A guda ɗaya, mai ƙarfin bolt 3. Tsofaffin samfura da yawa suna cin AA biyu. Batirin alkalin idan ya daɗe a ciki yakan yi yoyo, ya bar farin gishiri da ke cinye ƙarfe. Idan za a ajiye kyamara na watanni, a cire shi. Idan ɓarnar ta riga ta fara, auduga da ɗigon ruwan khal sukan wanke gishirin. Abin da ba a yi shi ne kwance jikin kyamara da sukuddireba don ganin ƙwaƙwaf. Ma'ajiyar wutar fitilar tana riƙe kusan bolt 300, kuma tana iya riƙe ta ko bayan an cire batir. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, a nan kuwa har da girgiza. Haka nan idan idon ya maƙale a waje, ba a tura shi da yatsa. A fara gwada sabon batir. Masu zuƙo nesa sun fi saurin mutuwa, saboda siririyar wayar lantarki da ke lanƙwashewa a cikinsu duk lokacin da idon ya fita ya koma, har wata rana ta tsage.

Matafiyi yana da ƙarin abin kiyayewa. Sababbin na'urorin binciken kaya na CT a filayen jirgin sama suna iya lalata fim a wucewa ɗaya, kamar yadda kamfanonin fim suka yi gargaɗi. Kada fim ya shiga jakar da za a auna a tura cikin jirgi; a riƙe shi a leda mai bayyana abin ciki, a roƙi jami'ai cikin ladabi su duba da hannu.

Mai karatu yana da ikon tambaya ko wannan ɗawainiya ta cancanta, alhali wayar da ke hannunsa tana ɗaukar hoto dubu kyauta. Gaskiya ne fim ya yi tsada, wuraren wanki sun yi ƙaranci a garuruwanmu, farashin tsofaffin kyamarori kuma ya tashi tun da mashahurai suka fara yawo da su, musamman bayan Kendall Jenner ta nuna Contax T2 a wani shirin talabijin na Amurka a 2017. Ba na ba kowa shawarar ya zuba maƙudan kuɗi a kan injin da ya haura shekara 30 kuma ba shi da kayan gyara. Wadda ke kwance a durowar gidanku, idan tana aiki, ta wadatar. Sababbi ma sun fara fitowa jefi-jefi, kamar Pentax 17 ta 2024 mai raba kowane gurbi biyu, ta ba da hoto 72 daga fim mai 36.

Amsata ita ce hoto 36 suna canza yadda nake tsayawa a gaban mutane. Da yake kowace dannawa kuɗi ce, nakan jira, nakan nemi izini, nakan bar tsohuwa ta gyara mayafinta. Babu allon da za a taru a kai ana cewa a sake, don haka da an danna sai hira ta ci gaba. Sannan abin da ke fitowa daga wanki abu ne da ake riƙewa a hannu. Waya takan ɓata, lambar sirri takan tafi kabari tare da mai ita, amma negatif da aka adana a busasshen wuri mai duhu yana iya wuce mai ɗaukarsa, kuma duk wanda ya ɗaga shi sama ya duba da haske zai ga abin da ke ciki ba tare da wata manhaja ba.

Saboda haka, idan ka kai fim wanki, kada ka jinkirta shi watanni a cikin zafi, kuma kada ka wadatu da hotunan da za a turo maka ta waya. Ka nemi a dawo maka da negatif ɗinka. Ka riƙe shi ta gefe, ka sa shi a rigarsa, ka saka a ambulan, ka rubuta shekara da gari da sunayen waɗanda ke ciki, har da sunan mahaifinsu. Jikan da zai buɗe ambulan ɗin ba zai san su da fuska ba.