Tafiyar Ɗan Makaranta Daga Kaugama Zuwa Kafin Hausa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in ba 'yan'uwa labarin hanyar da na ke bi zuwa makaranta, ko wani ya ƙaru.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Kaugama, cikin masarautar Haɗejiya, ina karatu a Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013. Mu muna arewa da kogin Haɗejiya, ita kuwa tana kudu, saboda haka tilas in zaga ta birnin Haɗejiya in ƙetare gada. Hawa uku ke nan: babur zuwa bakin titi, mota zuwa Haɗejiya, sa'an nan wata motar. Mai duban taswira sai ya ce ai kusa ne, amma aljihu shi ya san nisan.

A damanar 2022 na sami darasina. Kogi ya yi ambaliya, ya ci shinkafar mahaifina a fadama, ya yanke hanyar ƙauyenmu, ga jarrabawa saura kwana biyu. Na ƙunshe takarduna cikin leda, na ɗora a ka, na kutsa ruwa har ƙugu kafin in kai wurin mai fito. Ban zarge shi da ya tsuga kuɗi ba, gama shi ma ruwan ya ci tasa gonar. Na isa makaranta bayan isha, guzurina ya ƙare a hanya, na yi mako guda a kan gari da ƙuli-ƙuli. Da aka yi hutu kuwa, sai da na ci bashi kana na ga gida.

Ba mu gama farfaɗowa ba sai ga janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi bayanta.

Tun daga nan na sake dabara. In an ba ni guzuri, abin da na ke fara warewa shi ne kuɗin komowa, in damƙa wa wani dattijo mai shago ajiya, da sharaɗin kada ya ba ni ko na zo ina kuka. Abinci daga gida na ke ɗauka: gero, wake, kuka, daddawa da busasshen kifi. Amma a lura, buhu ma fasinja ne a wurin kwandasta, don haka na kan raba shi ƙananan ƙulli biyu in rungume. Cikin gari ƙafa ce dokina, sai wani tsohon keke da mu uku muka yi karo-karo muka saya. Zuwa gida kuwa sau ɗaya ne a zango. Wannan shi ya fi mini ciwo, domin an yi sunan ɗan yayata ban je ba, har yau tana yi mini gori.

Ina kira ga 'yan makarantar Kaugama da Malam Madori masu bin wannan hanya, mu riƙa sa rana guda ta komawa, mu haɗa kuɗi mu ɗauki shatar mota ɗaya har ƙofar makaranta. Wanda ya yarda ya amsa mini ta wannan fili kafin damana ta faɗi.

Ni ne naka,
Ɗan Makaranta, Kaugama.