Mota Ba Ta Son Zama

A ƙauyukan Karaye da Rogo, ba wuya ka ga tsohuwar Peugeot 504 akori-kura a gindin darbejiya, tayoyi sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna ne, a kamfanin da ya fara aiki a 1975. Sun sha kai masara da rake kasuwa kafin su kwanta.

Nakan yi mamakin yadda zama ya fi tafiya cinye mota. Batir ya mutu, fetur ya daskare a kafireta, ɓeraye sun tattaune wayoyi, birki ya kama. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi.

Shi ya sa gogaggen makanike ba ya gaggawar murza makulli. Sai ya juye tsohon baƙin mai, ya wanke tanki, ya kwance filogi, ya juya inji da hannu ya ji ko yana motsi. Abin da ya gagara, a nemo shi a Ƙofar Ruwa cikin Kano.

Wani lokaci kuɗin gyaran yakan zarce darajar motar. Amma magada sukan biya, don motar mahaifinsu ce.