Rediyon da Ba Ya Hira

Tsakanin Bahaushe da rediyo sai Allah. Mun tashi mun tarar da iyayenmu da akwati manne a kunne, da asuba Landan, da rana Jamus, da dare Amurka. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake magana, ya girmi mahaifiyata. Amma duk rediyon da na sani a gida na hira ne, yana ɗebe kewa, yana ba da abin musu a majalisa. Wanda ke gefen gadona a nan Norman, jihar Oklahoma, ba ya hira. Yakan yi kwanaki bai ce uffan ba, kuma shirun nan nasa nake so.

Sikana ake ce masa. Ba ya zama a tasha ɗaya, sai ya dinga tsallake zango bayan zango cikin ƙiftawar ido, duk inda ya ji ana magana ya tsaya: ma'aikatan jirgin ƙasa, matuƙan jirgin sama, masu rediyon sha'awa da ke zantawa daga ɗakunansu. Ni ba don gulma na ajiye shi ba. Akwai zanguna bakwai, daga 162.400 zuwa 162.550, waɗanda hukumar NOAA ta keɓe wa labarin yanayi kawai, dare da rana, ta tashoshi fiye da 1,000 a faɗin ƙasar. Kowace tasha muryarta na kai kimanin kilomita 65. Tamu tana kan 162.400.

Baƙo ko da idonsa makaho ne. A garinmu na iya karanta sama. Hadari daga gabas yake haɗowa, iska mai sanyi ta riga shi isowa, a ji ƙamshin ƙasa, mata su kwashe shanya, a kora awaki. Guguwa kuma abar bazara ce, ta murɗa ƙura a fili, ta ɗauke zana ko faifan wata, yara su watse ana cewa aljanu ne ke wucewa. A nan hadari daga kudu maso yamma yake zuwa. Daga Afrilu zuwa Yuni iska mai ɗumi da laima takan taso daga tekun Meziko, ta haɗu da busasshiya daga yamma, sai gajimare ya fara juyawa kamar ana tuƙa tuwo. Abin da ke saukowa daga cikinsa ba faifai yake ɗauka ba. Ranar 20 ga Mayu, 2013, mahaukaciyar guguwa mai gudun fiye da kilomita 320 a sa'a ta ratsa garin Moore, maƙwabcinmu ta arewa. Mutum 24 suka rasu, bakwai daga cikinsu yara ne a makarantar firamare guda. An fitar da gargaɗi minti 16 kafin ta taɓa ƙasa. Duk wanda ya tsira a ranar, cikin 'yan mintuna ya yanke shawarar inda zai ɓuya.

Wani dattijo maƙwabcinmu ne ya haɗa ni da akwatin, makonni kaɗan da tarewarmu. Na ce masa ai akwai jiniya a unguwa, ina jin ana gwada ta kowace Asabar da tsakar rana, ga kuma waya. Ya ce jiniya don waɗanda ke waje aka yi ta, mai barci da taga a rufe da ruwa yana dukan rufi ba lallai ya ji ba. Waya kuma sai da caji, sai da turken sadarwa a tsaye. Ya zauna a falonmu ya danna lambobi shida, 040027, lambar gundumarmu ta Cleveland ke nan cikin gundumomi 77 na jihar. Da wannan lamba akwatin zai yi gum, ya ƙyale gargaɗin da bai shafe mu ba, sai in an ambaci namu ya farka. Ya ƙara min lambar gundumar Grady da ta McClain, domin ta can abin yake biyowa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi.

Shi ya koya min bambancin sanarwa biyu. Ta farko ta zaman shiri ce: kayan haɗin guguwa sun hallara, tana iya aukuwa cikin sa'o'i. Ta biyu ta neman mafaka ce: an gan ta da ido, ko na'urar rada ta hango juyawarta. Ta farko daga nan garin namu ma take fitowa, domin cibiyar hasashen guguwa ta ƙasa baki ɗaya a Norman take.

Wani dare cikin Mayu, wajen ƙarfe biyu, ya farka. Ƙara uku masu kaushi kamar ana yaga ƙyalle, sai doguwar shewa, sai muryar kwamfuta tana jero sunayen garuruwa ba tare da ko gargada ba. Uwargida ta riga ni miƙewa.

"Malam, namu ne?"

"Namu ne. Ɗauko ƙaramar, ni zan ɗauki yayanta."

Yawancin gidajen Oklahoma ba su da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, namu ma haka. Muka shige banɗakin tsakiya, wanda ba shi da taga, muka sa yaran cikin bahon wanka da hular keke a kansu da takalma a ƙafa, muka jawo katifa muka rufa. Wuta ta ɗauke. Akwatin ya ci gaba da batir. Na mayar da shi zangon masu sa kai na Skywarn, mutanen da ke fita da motocinsu su tsaya a bakin hanya suna faɗa wa hukuma abin da idonsu ya gani. Ana cewa gani ya kori ji, amma a daren nan ji kaɗai muke da shi. Wani ya ce ƙanƙara na zuba a inda yake. Wata ta ce gajimaren na juyawa amma bai sauko ba. Ina bin sunayen tituna a zuci, ina auna nisansu da bahon da 'ya'yana ke ciki. Bayan kamar rabin sa'a aka ce ya wuce gabas. Yarinyar ma ta koma barci da hularta.

Da na ba mahaifiyata labari a waya, sai ta yi shiru, can ta ce, "Wato ku har sallama iska take muku?"

"Inna, ba sallama ba ce. Mintuna kaɗan ake ba mu."

"To ai mintunan ma rai ne, ɗan nan."

Maganarta ta dawo min a Satumbar 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri mutane suna kwance. Da wuya a sami gida a garin nan da babu rediyo. Sai dai duk irin wanda sai an murɗa ne, ba wanda zai tashi mai gida da kansa. Kunnen muna da shi tun kaka da kakanni. Abin da ya rage shi ne muryar da za ta kira unguwa da sunanta da ƙarfe biyun dare.

Kowace Laraba, in sama na lafiya, hukumar takan aiko da ƙarar gwaji. Juma'ar da za ta yi kyau daga Laraba ake gane ta. In na ji ta, sai in duba batir, in tabbatar hulunan keken suna rataye a bayan ƙofar banɗaki. Yaron ya haddace taswirar gundumomi kafin ya haddace jadawalin sau bakwai. Jiya ya tambaye ni lambar gundumar kakarsa, wai zai saka mata a akwatin.